Sufacaja a injin jirgin ruwa: ƙarfi mai yawa, riba kaɗan

Duk mai jirgin ruwa yana son ya riga abokinsa isa gaɓa. A Amurka, inda tseren ƙananan jirage ya zama wasa da sana'a, wannan buri ya haifar da kasuwa guda: ɗora wa inji na'urar da ake kira sufacaja domin ya ƙara ƙarfi da gudu. Na'urar tana aiki, babu tantama. Amma ga mafi yawan masu jirgi, kuɗin da take ci da lahanin da take yi wa inji sun fi ƙarfin ɗan gudun da take ƙarawa.

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, iskar ce ke da wuyar samu, domin inji yana shaƙar iya abin da cikinsa zai ɗauka ne kawai. Sufacaja famfo ce da injin da kansa yake juyawa da bel, tana cusa masa iska da ƙarfin tsiya. Dabarar tsohuwa ce: tun a 1860 wasu 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar irin wannan famfo a Amurka. Idan na'urar ta ƙara matsin iska da kashi 40 cikin ɗari, ƙarfin inji na iya ƙaruwa da abin da ya kusa haka.

A nan ne lissafi yake rikicewa, domin ruwa ba titi ba ne. Masu ƙera jirage suna amfani da wata tsohuwar ƙa'ida ta George Crouch, wadda ta nuna cewa jirgin da ke sulɓi a saman ruwa yana buƙatar ƙarfi ninki huɗu kafin gudunsa ya ninka sau biyu. Jirgi mai ƙarfin doki 300 da ke gudun kilomita 60 a awa, idan aka kai shi doki 420, zai yi kusan kilomita 71 ne kacal. Fetur kuwa zai ƙaru da aƙalla kashi 40 ɗin nan idan an taka shi har ƙarshe, domin ita kanta na'urar tana cin wani ɓangare na ƙarfin injin.

Sai kuma zafi. Mota tana canza giya, tana gangara, tana hutawa a danja. Injin jirgi ba ya samun wannan hutu; tamkar motar da ke hawan tudu ne da kaya tun safe har yamma. Iskar da aka matsa tana zafi, zafin kuma yana sa fetur ya kama kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistin har ya fasa shi. Kafin a kauce wa haka sai an sa na'urar sanyaya iska, an canza famfon mai, an sake saita kwamfutar inji, an sayi fetur mai inganci, an kuma sauya farfela. Injin da ke da garanti kuwa, yawanci garantin ya tafi ke nan.

Masu goyon bayan na'urar suna da hujjarsu: manyan kamfanoni ma suna amfani da ita. Gaskiya ne. A 2004 kamfanin Mercury na jihar Wisconsin ya fito da injin Verado mai silinda shida da sufacaja, haka ma Sea-Doo da Yamaha suna sa ta a baburan ruwansu. Sai dai waɗannan injina tun daga zane aka gina su domin jure matsin. Kuma shi kansa Mercury, a 2018, ya fito da sabon Verado mai silinda takwas babu sufacaja, a 2022 ya ƙara da mai silinda goma, shi ma babu. Ya bar ta ga injinan tsere irin 450R. Idan mai abu ya ga babban inji ya fi masa sauƙi, wanda zai ɗora na'urar a kan tsohon inji ya kamata ya sake tunani.

Ga matuƙan jirage a Yawuri, Lakwaja ko Baga, maganar ta fi haka sauƙi. Yawancin injinan da ake rataya wa kwale-kwale, irin Yamaha Enduro mai doki 40 ko 75, masu bugu biyu ne, waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. A irinsu ƙofar hayaƙi tana buɗe lokacin da iska ke shiga, don haka abin da aka cusa da ƙarfi zai bi ta can ya fice. Kuma jirgin katako da aka cika da mutane da buhuna ba ya sulɓi. Ƙarin ƙarfi ƙarin igiyar ruwa kawai zai tayar, ya kuma wahalar da katakon da aka ɗaura injin a kansa.

Ba rashin gudu ne ya halaka fasinjojin jirgin da ya tarwatse kusa da Warra a jihar Kebbi cikin Mayun 2021 ba, ko 'yan biki sama da 100 da suka nutse a yankin Patigi cikin Yunin 2023. Abin da aka fi ambata bayan irin waɗannan haɗura shi ne lodi fiye da kima, tsufan jirgi, tafiyar dare da rashin rigar kariya.

Mai son jirginsa ya ƙara sauri yana da hanyoyi masu araha: farfela daidai da nauyin jirgi, kankare dattin da ya manne a ƙasansa, gyaran inji a kan lokaci, da rage kaya. Abin da ya rage na kuɗin, rigunan kariya ne suka fi cancanta da shi. Fasinja ya biya ne domin a kai shi gaɓa da ransa.