Rajista biyu ga manyan ɗalibai a Amurka tana bukatar malami na biyu da kuɗinsa

Magidancin da ya koma aji yana da shekara talatin da biyar, ga iyali ga aikin dare, babu abin da ya fi yi masa ƙaranci kamar lokaci. Tsohon tsarin ilimin manya a Amurka bai kula da wannan ba. Sai mutum ya gama ajin karatu da lissafi, ya ci jarrabawar GED, wadda aka ƙirƙiro a 1942 a madadin takardar sakandare, sannan ya nemi gurbi a kwalejin al'umma, wato kwalejin gwamnati ta shekara biyu. A can ma sau da yawa akan tura shi ajin share fage, ya biya kuɗi, amma ba a lissafa masa darasin cikin abin da zai kai shi ga takarda. A wannan tsakanin ne da dama ke sarewa su koma gida.

Maganin da wasu jihohi suka kama shi ne rajista biyu a lokaci guda: ɗalibi yana ajin manya, yana kuma ɗaukar kwas na gaske a kwaleji. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar SB 554, wadda ta ba baligin da ke neman takardar sakandare damar shiga kwalejin al'umma a matsayin ɗalibi na musamman, ya ɗauki darussa har yunit 11 a zango. Mataki ne mai kyau, sai dai doka ƙofa kawai take buɗewa. Wanda ya shekara ashirin bai riƙe biro ba, idan aka zaunar da shi a ajin koyon jinya shi kaɗai, faɗuwa ce mafi kusa da shi, kuma faɗuwa ta biyu ta fi ta farko ciwo.

Shi ya sa abin da jihar Washinton ta yi, can arewa maso yammacin ƙasar, ya fi cancantar a duba. Tsarinta na I-BEST, wanda aka fara gwadawa wajen 2004, yana sa malamai biyu a aji ɗaya, ɗaya na sana'a, ɗaya na karatu da lissafi, kuma aƙalla rabin lokacin darasi tare suke. Mai koyon walda yana koyon lissafin awo a kan ƙarfen da ke gabansa. Mai koyon jinya tana koyon Turanci daga takardar majinyaci. Jihar ta san malamai biyu sun fi ɗaya tsada, don haka ta riƙa biyan kwaleji ninki 1.75 na abin da take biya kan ɗalibi na yau da kullum. Wannan adadi ne ya kamata mai tsara kasafi ya riƙe, domin shi ne farashin gaskiya na shirin. Dalilin kashe shi ma a fili yake: wani bincike na 2005 kan manyan ɗaliban jihar ya nuna cewa albashi yana tashi sosai ne bayan mutum ya yi karatun shekara guda a kwaleji ya kuma fita da takardar sana'a.

Masu shakka suna da hujjarsu. Dokar tarayya ta daɗe tana barin wanda ba shi da takardar sakandare ya karɓi tallafin karatu na Pell idan ya ci wani gwaji, kuma wasu makarantun kuɗi sun mayar da wannan dama kasuwa. A 2009 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya gano masu kula da gwajin suna ba ɗalibai amsa. Daga Yulin 2012 aka rufe hanyar ga sababbin ɗalibai, hukuncin da ya haɗa da mai laifi da marar laifi. A ƙarshen 2014 majalisa ta sake buɗe ta, da sharaɗin ɗalibi ya kasance cikin shirin da ya haɗa ilimin manya da koyon sana'a. Gyaran ya yi daidai, domin ya ɗaure kuɗin ga koyarwa, ya hana a tara ɗalibai don cika rajista kawai.

Ga masu rubuta takardun manufa a Abuja, inda hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC, ke aiki tun 1990, kuma sharaɗin kiredit ɗin sakandare ke tsaye a ƙofar kowace foliteknik, kwafar sunan shirin abu ne mai sauƙi. Duk takardar da za ta ba da shawararsa, ta fara da faɗin wanda zai biya malami na biyu, da kuma hukumar da za ta amince da darasin da ɗalibi ya ci kafin kiredit ɗinsa su cika.