Wa Ke Ba Ƙofar Tarho Umurni?

A watan Mayu na 2024 kamfanin BT na Ingila ya ba da sanarwa cewa ya ɗage ranar rufe tsohuwar hanyar tarho daga ƙarshen 2025 zuwa ƙarshen Janairu na 2027. Wannan labari ya sa muka ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu yadda sabuwar hanyar ta ke, da inda rauninta ya ke.

A tsohuwar hanya, in mutum ya buga waya sai a keɓe masa layi tun daga sallama har ban kwana. Intanet kuwa ba ta keɓe wa kowa layi, sai dai a yayyanka murya gunduwa-gunduwa, a aika, a sake haɗawa a can. Saboda haka tilas a sami na'ura a tsakanin hanyoyin biyu wadda za ta juya murya daga wannan siffa zuwa waccan. Ita mu ke kira ƙofar murya.

To, ƙofar nan ba ta yanke shawara da kanta. Wata na'ura dabam, watau mai ba da umurni, ita ke ce mata ta kaɗa ƙararrawa, ko ta tattara lambobin da a ke bugawa, ko ta haɗa layi, ko ta yanke. Ƙofa kuma ta kan kai rahoto cewa an ɗaga waya ko an ajiye. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san irin wannan tsari na babban akawu da masinja.

Amma umurni ba ya amfani sai an ji harshen juna. A 1999 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idodin intanet, ta buga ƙa'idar MGCP. A 2000 kuma ita da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fito da wata tare, wadda IETF ta kira Megaco, ITU kuwa H.248. Umurninta takwas ne kacal. Daga 2008 aka bar wa ITU kula da ita.

Amfanin abin a fili ya ke. Mai umurni ɗaya na iya sarrafa ƙofofi masu yawa, kuma gidan waya na iya sayen ƙofa wurin wannan kamfani, mai umurni wurin wancan, ba wanda zai tsawwala masa farashi. Amma in mai umurni ya tsaya, duk layukan da ke ƙarƙashinsa ba su da ta cewa. Don haka ne aka tanadi hanya cikin H.248 wadda ƙofa za ta koma ga mai umurni na biyu.

Akwai kuma wani rauni a cikin gida. Tsohon layi daga gidan waya ya ke samun wutarsa, sabon kuwa sai da lantarkin mai gida. Da guguwar Arwen ta katse wuta a Nuwamba 2021, waɗansu mutane suka rasa hanyar neman taimako, har BT ya dakatar da sauya layukan gidaje a Maris 2022.

A ganinmu, kada hukumar kowace ƙasa ta yarda a rufe tsohon layi sai ta tabbata akwai mai umurni na biyu, akwai kuma batir a gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.