Mutum dubu 723 sun ce a'a, dubu 41 kaɗai suka bi jam'iyya

Yau zan kai ku nesa, ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Akwai wata ƙaramar jam'iyya a can mai suna Aontú, wato haɗin kai a harshensu, wadda aka kafa saboda adawa da zubda ciki. Lissafin ƙuri'unta ya daɗe a raina, kuma ina ganin duk matashin da ke mafarkin siyasa ya kamata ya zauna ya dube shi da kyau.

Ailan ƙasa ce ta mabiya ɗarikar Katolika. A 1983 mutanenta suka yi zaɓen raba gardama, wajen kashi biyu cikin uku suka amince a rubuta a kundin tsarin mulki cewa ran ɗan da ke ciki daidai yake da ran uwarsa. Haka aka zauna shekara 35. A tsakani, a watan Oktoba 2012, wata likitar haƙori ƴar asalin Indiya, Savita Halappanavar, ta rasu a asibitin Galway bayan cikinta ya kama hanyar ɓarewa, ta roƙi a cire shi, aka ƙi. Mutuwar nan ta girgiza ƙasar, har da mutanen da ba su taɓa goyon bayan zubda ciki ba. Ranar 25 ga Mayu 2018 aka sake komawa akwati: kashi 66.4 cikin ɗari suka ce a soke wancan sashe, kashi 33.6 suka ce a bar shi. Mazaɓa ɗaya tak, Donegal, ta ce a'a. Daga watan Janairu 2019 doka ta halatta zubda ciki har zuwa mako 12.

To ku riƙe wannan adadi: masu a'a sun kai mutum 723,632. Ɗaya cikin uku na masu zaɓe ke nan, kuma babu wata babbar jam'iyya da ta tsaya musu a hukumance.

Wannan giɓi ne Peadar Tóibín ya hango. Dapite ne na jam'iyyar Sinn Féin daga mazaɓar Meath ta Yamma. Sau biyu jam'iyyarsa ta dakatar da shi, a 2013 da 2018, saboda ya ƙi jefa ƙuri'a yadda aka umarce shi kan dokokin zubda ciki. A watan Nuwamba 2018 ya fice, a Janairu 2019 ya ƙaddamar da Aontú. In ni ne a matsayinsa, wallahi lissafin da zan yi ke nan: ko rabin mutanen nan suka biyo ni, na zama gagarau a majalisa.

Zaɓen ƴan majalisa ya zo a Fabrairu 2020. Aontú ta tashi da kashi 1.9 cikin ɗari, ƙuri'a dubu 41 da ɗoriya, kujera ɗaya cikin 160, ita ma ta Tóibín ɗin ce da yake kai tun 2011. Jam'iyyar da ya baro kuwa, Sinn Féin, ita ta fi kowa ƙuri'a a wannan zaɓe, kashi 24.5.

Wani zai ce ai mutane tsoron asarar ƙuri'a suka yi, kamar yadda ake gudun ƙananan jam'iyyu a ko'ina. Wannan uzuri ba ya aiki a Ailan. A tsarinsu kowace mazaɓa tana da kujera uku zuwa biyar, kuma mai zaɓe yana jera ƴan takara ne da lamba: na ɗaya, na biyu, na uku. In wanda ka sa a farko ya faɗi, ƙuri'arka ta wuce ga na biyunka. Ma'ana mutum zai iya ba Aontú lamba ɗaya, ya ba babbar jam'iyya lamba biyu, bai yi asarar komi ba. Duk da wannan rangwame, fiye da mutum tara cikin goma na masu a'a ba su ga ya dace su sa ta a gaba ba.

Mi ya sa? A zaɓen raba gardama tambaya ɗaya ake maka, ka amsa da abin da ke zuciyarka. A zaɓen majalisa kuwa duk rayuwarka kake ɗauka ka shiga rumfa da ita. A 2020 abin da ke cin mutanen Ailan shi ne tsadar hayar gida da layin asibiti. Tsohuwar da ta ce a'a a 2018 tana da jika da ya kasa samun ɗaki a Dublin, kuma tana da dapiten da ya san sunanta, ya zo jana'izar mijinta. Ga kuma wani abu: jam'iyyar Fianna Fáil, duk da shugabanta Micheál Martin ya goyi bayan sauyin, dapitocinta da dama sun fito fili sun yi kamfen a'a. Haka ma ƴan takara masu zaman kansu na karkara. Mai a'a bai rasa wurin zuwa ba, yana iya zama a gidansa na da, hankalinsa kwance.

Ba Tóibín ne ya fara cin karo da wannan katanga ba. Lucinda Creighton ta rasa kujerarta ta minista a 2013 kan irin wannan ƙuri'a, ta kafa Renua a 2015, a zaɓen 2016 jam'iyyar ba ta ci ko kujera ɗaya ba, ita kanta ta faɗi. Bayan tafiyarta Renua ta rungumi adawa da zubda ciki a matsayin tutarta, a 2020 ko kashi ɗaya ba ta kai ba.

Abin da ya raba Aontú da Renua shi ne ta koyi yin magana kan wasu abubuwa. Tóibín ya daɗe yana jagorantar fafutukar hana rage ayyukan asibitin garin Navan, mutanen yankinsa da wannan suka fi saninsa. Jam'iyyar ta kama batun almubazzaranci da kuɗin jama'a, kuma gwamnati ta ba ta abin faɗa: a 2024 aka gano an kashe yuro dubu 336, wajen miliyon 220 na sefa, wurin gina rumfar ajiye kekuna a harabar majalisa. Rumfar kekuna fa! Sannan a watan Maris na shekarar gwamnati ta kawo zaɓen raba gardama guda biyu kan ma'anar iyali da kula da na gida. Gwamnati da manyan ƴan adawa duk suka ce a amince, Aontú na cikin ƴan tsirarun da suka ce a ƙi, kuma jama'a suka ƙi da kashi 67.7 da 73.9. Wannan ya ɗaga sunanta sosai. Ta kuma shiga kiran a tsaurara dokokin shigar baƙi, abin da ni dai bai kwanta mini ba, don na san irin mutanen da wannan magana ke faɗawa kansu, kuma da yawansu daga nahiyarmu suka fito.

Sakamakon: a zaɓen ƙananan hukumomi na Yuni 2024 ta tashi daga kujera 3 zuwa 8, cikin 949. A zaɓen majalisa na 29 ga Nuwamba 2024 ta samu kashi 3.9, ƙuri'a dubu 86, kujera biyu cikin 174, Paul Lawless ya ci a Mayo. Ta kuma haye kashi 2 da doka ta gindaya kafin jam'iyya ta samu tallafin kuɗi daga baitulmali, abin da ta rasa da ƙyar a 2020. Ga ƙaramar jam'iyya wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ke biyan ofis da ma'aikata tsakanin zaɓe da zaɓe.

Magoya bayanta na cewa ta ninka, kuma gaskiya ne. Amma ni tambayar da nake yi ita ce, da mi ta ninka? A ganina rumfar kekuna da asibiti da fushin mutane da gwamnati ne suka kawo mata sabbin ƙuri'u. Abin da aka kafa ta dominsa yana nan inda yake. A 2019 hukuma ta ƙirga zubda ciki 6,666, a 2023 adadin ya haura dubu 10. Yaƙin da jam'iyyar ke yi a majalisa ya koma na tsare ƙananan shingaye, kamar kwana ukun da doka ta tilasta wa mace ta jira bayan ganin likita, wanda wani rahoton bita na 2023 ya ba da shawarar a sassauta. Daga neman sauya kundin tsarin mulki an dawo ana kare kwana uku.

Na san inda mafi yawanmu muka tsaya kan zubda ciki, a nan gida ko muhawara ba a cika yi a kai ba. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne wata magana da nake yawan ji a fada, ana shan shayi: ai kowa na tare da mu, ranar da aka buɗe fage za ku gani. An rusa jam'iyyu a ƙasar nan tun watan Maris 2025, bayan mun yi zamanin da suka haura ɗari, kuma matasa da yawa na jiran ranar da za su kafa tasu a kan magana ɗaya da suke ganin ta haɗa kowa. Tóibín ba hasashe ya yi ba, ba kuma masu danna alamar so a Facebook ya ƙirga ba. Mutanensa sun fita sun yi layi sun jefa ƙuri'a, an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, 723,632. Bayan shekara shida da zaɓen majalisa biyu, da dapite gogagge a gaba da tsarin zaɓe mai tausayin ƙanana, abin da ya tara bai kai ɗaya cikin takwas na wannan adadi ba.

An sake ganin iyakar ƙarfin nata a 2025, lokacin zaɓen shugaban ƙasa. A Ailan sai ƴan majalisa 20 sun sa maka hannu, ko ƙananan hukumomi huɗu, kafin sunanka ya hau takardar zaɓe. Aontú ta tsaya wa Maria Steen, lauya da ta yi fice a kamfen a'a na 2018. Jam'iyyar na da mutum uku kacal a majalisun biyu, dapite biyu da sanata ɗaya, sai ta bi masu zaman kansu tana roƙo. Ranar da aka rufe karɓar takara suna da sa hannu 18.