Rock na Japan: Turanci ne ya kai shi duniya ko ɗanɗanon gida?

A ƙarshen watan Yunin 1966 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta sauka a Tokyo domin yin wasa a zauren Budokan, wanda aka gina don wasannin kokawa da faɗa na gargajiyar Japan. Masu ra'ayin riƙau suka tayar da jijiyar wuya, suna cewa an ci mutuncin wurin, sai da aka zuba dubban 'yan sanda kafin a yi wasan. Shekara guda kafin haka, 'yan Ventures na Amurka sun riga sun sa samarin ƙasar haukan jitar lantarki. Daga waɗannan ziyarce-ziyarce biyu ne aka samu ambaliyar ƙungiyoyin kiɗa da Japanawa suka raɗa wa suna Group Sounds, irin su Spiders da Tigers da Tempters da Golden Cups.

Masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai da Amurka yanzu suna kiran mai zafin cikinsu kiɗan gareji, wato irin na samarin da ke atisaye a garejin gidan iyayensu, ga ƙara ga rashin gogewa. Wanda kuma ake jan sautinsa da amsa-kuwa har mai sauraro ya ji kamar mafarki yake, shi suke kira saikedelik. A zamanin, manya a Japan kallon fitina suke yi wa abin. Makarantu da dama sun hana ɗalibai zuwa wasannin, gidan talabijin na NHK ya juya wa masu dogon gashi baya, yayin da Blue Comets, masu sa kwat da gyararren aski, suka ci babbar kyautar faifai ta ƙasar a 1967. Kafin 1970 kasuwar ta mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Da ƙura ta lafa, sai mawaƙan da suka rage suka shiga gardama a shafukan mujallu: da wane harshe ya kamata Bajapane ya rera rock? Yuya Uchida, wanda yana cikin waɗanda suka share wa Beatles fage a Budokan, ya tsaya a kan Turanci. Hujjarsa ita ce gaɓoɓin Japananci ba sa hawa kan bugun rock, kuma wanda ke son duniya ta ji shi dole ya yi mata magana da harshen da take ji. A ɗaya ɓangaren akwai ƙungiyar Happy End ta su Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki da Shigeru Suzuki da Takashi Matsumoto, waɗanda suka nace a kan harshensu. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake musu kan mawaƙan Hausa na zamani da kiɗan aro ya san irin zafin wannan zance.

A 1971 kowane ɓangare ya ajiye hujjarsa a faifai. Flower Travellin' Band, ƙungiyar da Uchida ya haɗa, ta fitar da Satori. Happy End ta fitar da Kazemachi Roman.

A gida dai babu tantama Happy End ce ta yi nasara. Matsumoto ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙa a ƙasar, Hosono ya kafa Yellow Magic Orchestra a 1978, kuma yau rera rock da Japananci ba abin tambaya ba ne. Amma masoya Uchida sukan ce ai a waje shi ya ci, tunda Satori ne faifan da baƙi suka fi ɗaukakawa, kuma marubuci ɗan Ingila Julian Cope ya sa shi a sahun farko a littafinsa na 2007 kan rock na Japan. A nan ne ban yarda ba.

A saurari faifan da kyau. Kashi biyar ne, kuma kalmomin da ke cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Joe Yamanaka ya fi amfani da muryarsa wajen kururuwa da jan sauti. Abin da ke kama mutum shi ne jitar Hideki Ishima, wadda ke lanƙwasa sauti irin na kaɗe-kaɗen Asiya a kan nauyi irin na Black Sabbath. A kwatanta da faifansu na 1970, Anywhere, inda suka maimaita waƙoƙin Black Sabbath da King Crimson da Turanci. Sun iya, amma wa zai bar na asali ya nemi kwafi? Da Turanci ne sirrin, da Anywhere ne ake yabo. Su kansu sun tafi Kanada neman kasuwa, suka dawo gida, suka watse a 1973.

Haka abin yake ga 'yan Group Sounds. Kamfanoni kan ɗauko ƙwararrun marubuta su tsara musu waƙoƙin soyayya masu sanyi irin na gida, su kuwa samarin burinsu su zama Rolling Stones. Wannan ja-in-ja ya haifar da wani sauti mai ban mamaki, jita tana gurnani, karin waƙa yana kuka irin na Japan, kuma shi ne abin da babu a faya-fayan Landan ko Kalifoniya. Ban ce duka na da kyau ba. Da yawa shirme ne na neman kuɗin 'yan mata 'yan makaranta, kuma tsadar tsohon faifai ba ta mayar da shi gwani. Mops ma, da faifansu Psychedelic Sounds in Japan na 1968, sun cika shi da waƙoƙin aro na su Jefferson Airplane da Doors, sai dai nasu na kansu ne suka fi daɗewa a kunne.

Ga kuma Les Rallizes Dénudés, da Takashi Mizutani ya kafa a Kyoto a 1967. Da Japananci yake waƙa, cikin ƙarar jita da ke binne muryarsa. Tsohon mai kaɗa musu jitar bes, Moriaki Wakabayashi, yana cikin waɗanda suka karkatar da jirgin saman Japan zuwa Koriya ta Arewa a 1970, Mizutani kuma ya yi rayuwarsa nesa da idon jama'a da kamfanonin faifai. Shekara da shekaru waƙoƙinsu suna yawo a kaset da faya-fayan bayan fage, daga hannu zuwa hannu, har suka isa ga masu sauraro a Turai da Amurka waɗanda ba su san ko kalma ɗaya ta Japananci ba. Mizutani ya rasu a 2019, amma sai a 2021 aka sanar da mutuwarsa, kuma bayan nan ne aka shiga sake fitar da ayyukansu a hukumance.