Jirgin Ƙarƙashin Teku: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Duk lokacin da wata ƙasa ta ƙaddamar da sabon jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, sai hotuna su cika intanet. Ga sojojin ruwa cikin fararen kaya sun jeru a bayan jirgin, 'yan badujala na busa, an ɗaga tuta, kwamanda ya karɓi ragama. Nan da nan masu sharhi su yanke hukunci cewa ƙasar ta shiga sahun manya. Wasu 'yan uwanmu har da cizon yatsa, wai Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu suna da irin wannan jirgi, Najeriya kuwa ko ɗaya babu. Ni dai ban yarda da wannan awo ba. Ranar biki ita ce rana mafi arha a rayuwar jirgin.

A duba Afirka ta Kudu. A 1999 gwamnati ta ƙulla cinikin makamai na kusan Rand biliyan 30, ciki har da jiragen ƙarƙashin teku uku ƙirar Jamus. An ƙaddamar da na farkonsu, SAS Manthatisi, a birnin Kiel a 2005. A shekarar ce kotu ta ɗaure Schabir Shaik, mai ba Jacob Zuma shawara kan harkar kuɗi, shekara 15 a shari'ar cin hanci da ta taɓa wannan cinikin. Shi kuma jirgin da aka sha wa biki, tun 2007 aka jingine shi, bai koma aiki ba sai 2014. Da aka yi ta tafi a Kiel, wa ya tambayi kuɗin batura da kayan gyara?

Jirgin irin wannan ba ya yafe sakaci. Yana tafiya a ƙarƙashin ruwa ne da ƙarfin manyan batura, sannan ya taso kusa da saman ruwa ya zuƙi iska ta bututu domin injin dizal ya cika su. In bawul ɗaya ya ƙi rufuwa, an shiga uku. Abin da ya faɗa wa ARA San Juan na Ajantina ke nan a Nuwamban 2017: ruwan teku ya shiga ta bututun iska ya kai ga batura, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Mutum 44 ne a ciki. Sai bayan shekara guda aka gano tarkacensa a zurfin kusan mita 900. A Afrilun 2021 KRI Nanggala na Indonesiya, wanda ya kai shekara 40 yana aiki, ya nutse kusa da Bali da mutum 53. Su ma an yi musu busa ranar da suka shiga aiki.

Za a ce ai jirgin na tsorata abokan gaba. Haka ne, ga ƙasar da ke fuskantar rundunar ruwan wata ƙasa. Mu fa? Masu damunmu a Mashigin Gini 'yan fashin teku ne, da ɓarayin ɗanyen mai a lungunan Neja Delta, da jiragen da ke wawushe kifinmu. Maganinsu jiragen sintiri masu sauri da na'urorin hango jirage da sojan da ake biya haƙƙinsa a kan kari. Ba a bin ɓarawon kwale-kwale cikin fadama da jirgin da ke neman zurfin teku.

Wanda ya sayi ingarma ba shi da kuɗin dawa da harawa, hawan Sallah ɗaya zai yi. Saboda haka, mai karatu, in ka sake ganin hoton irin wannan biki, riƙe tafinka tukuna. Tambayi nawa aka ware na gyara, mutum nawa aka horar, kuma kwana nawa jirgin zai yi a teku cikin shekara.