Filin Dubarar Mata: Hanci Ke Fara Shan Lemu

Ƴan uwana matan asusu na Malbaza, Galmi, Ƙonni da Illela.

A taronmu na satin da ya wuce wata ƙanwata ta kawo kuka: ta ci bashin asusu ta fara lemun zoɓo, rabin ribar na tafiya wajen sayen ƴan kwalaben ƙamshi, amma masu saye na cewa lemun nata salam yake. Na ce da ita: "Ƙanwata, ba sukari ne ya gaza ba, ƙamshin ne ya gudu."

Ku tuna ranar da mura ta toshe muku hanci, ko miyar biki ba ta da daɗi. Yawancin daɗin abin sha ta hanci yake shiga. Ƙamshi kuwa da tururi yake tashi: in kin jefa na'ana'a tun farkon dahuwa, maƙwabta ne suka sha shi. In kika zuba ƙanƙara kuma, sanyi ya danne ɗan abin da ya rage. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke sa saiwar jema cikin randa.

Masu haɗa abin sha a manyan otal na Faransa da Amurka feshi suke yi bisa kofi dab da miƙa shi. Ba ruwanmu da giyarsu, dubarar kaɗai muka ɗauko. Ga ta:

Ki wanke lemun zaƙi ko na tsami, ki yanko ɓawon, ki juya bayansa wajen kofi ki matse. Za ki ga ɗan raɓa ya fesu. Man ɓawon ke nan, kuma kyauta ne.

In hidimar biki ce ko suna, ki tafasa ruwa ki sauke, ki zuba na'ana'a da kanumfari kaɗan, ki rufe har ya huce. Ki tace cikin ƴar kwalbar feshi. Feshi ɗaya ko biyu ya ishi kofi. A yi shi a ƙare shi ran nan, kada ya kwana. Mai ƙulla leda kuwa feshi ba zai yi mata aiki ba: ta sa ƙamshinta bayan ta sauke tukunya, ta rufe.

Sai gargaɗi, don Allah ku ji ni. Kwalbar ta zama sabuwa fil. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gonar albasa, ko piya-piya, ko an wanke ta sau goma kada ta kusanci lemu. Turaren jiki da humra ma ba na ciki ba ne. Yaro ɗaya ya kwanta ta dalilinki, ciniki ya tafi, sunan ƙungiya ya ɓaci, bashi kuma na nan.

Ƙanwar tawa za ta gwada a sunan gidansu. Ku ma ku gwada, ku kawo mini labari ranar zubi. Allah ya sa albarka cikin nema.