Ba sai ka iya gini ba, amma ka san wa ke riƙe da makullin gidanka

1/ Zare ne, ku ɗan yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Muhawarar "kowa ya koyi kodin" da ake ta yi a nan tana da kyau, amma ina ganin mun tsallake tambaya ta farko: wane sani ne mai waya ko kwamfuta yake buƙata kafin ya zauna lafiya da kayansa?

2/ Mutane biyu ne suka fi surutu. Ɗaya yana cewa in ba ka san RAM da firosesa ba, ba ka waye ba. Ɗaya kuma yana cewa "ni fa ban son wahala, a danna min kawai." Na farko ya cika kaya, na biyu kuma shi ake yashewa.

3/ Ba sai ka iya ɗora bulo ba kafin ka zauna a gida. Amma wanda bai san mutum nawa ke riƙe da makullin ƙofarsa ba, wannan ai a titi yake kwana, ko da rufi a kansa. Sanin da nake nufi ke nan, kuma bai wuce abu biyar ba.

4/ Na ɗaya, lambobin sirri. PIN, kalmar sirri, da OTP ɗin da banki ke turowa, duk makulli ne. Bankinka ba zai kira ka ya ce ka karanto masa su ba. Wanda ya kira ya faɗi sunanka da ranar haihuwarka, ya ce za a rufe BVN ɗinka, bai tabbatar da komai ba sai cewa ya samu bayananka a wani wuri. Kashe wayar.

5/ Haka ake ƙwace WhatsApp. Mutum ya sa lambarka a wayarsa, WhatsApp ya turo maka lamba 6, shi kuma ya kira ya ce ta shiga taron guruf ce. Kana karanto masa, shi ke nan, sai ya bi 'yan uwanka da roƙon kuɗi da sunanka. Maganin yana cikin saitin WhatsApp: kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Minti biyu ya isa.

6/ Na biyu, layinka. Sim ɗin da ke karɓar saƙon banki ya fi wayar kanta daraja. Ɓarawo zai zare shi ya sa a ƙaramar waya ya gwada USSD. Sa wa sim ɗin PIN, amma ka sani in aka yi kuskure sau 3 sai da PUK. Ka kuma rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda, tun kafin ranar.

7/ Na uku, ina kayanka suke? A cikin waya ko a asusunka? Da yawa a shagon waya aka buɗe musu imel, ba su ma san kalmar sirrin ba. Waya ta faɗa ruwa, hotunan biki da lambobin shekara biyar sun tafi. Alhali Google na ba kowane asusu 15GB kyauta. Imel ɗinka, kai za ka riƙe sirrinsa.

8/ Na huɗu, alat ba kuɗi ba ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma transfa, har mai shayi da mai kayan miya. Saƙon tes da hoton rasit duk ana ƙirƙirarsu. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, sannan ka miƙa kaya.

9/ Na biyar, izinin da kake ba manhaja. Tocila me za ta yi da lambobin wayarka? Da irin wannan izini manhajojin bashi suka riƙa tura wa dangin mutane saƙon cin mutunci, har Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. Karanta kafin ka danna, musamman linkin "tallafi" da ke yawo a guruf.

10/ Ga ɗalibai akwai ƙari kaɗan. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ba a ce ka zama injiniya ba, amma kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ka fara taɓa linzami. Koyi ajiye fayil, tura imel da maƙala takarda, ka daina biyan kuɗi a kafe kan aikin minti uku.

11/ Wani zai ce ai laifin kamfanoni ne, su sauƙaƙa kayansu, su yi mana bayani da Hausa. Gaskiya ne, kuma mu ci gaba da matsa musu. Wanda aka damfara ma ba wawa ba ne, ɓarawo ne mai laifi, mu daina yi masa dariya. Sai dai kafin su gyara, kuɗin da ke asusun naka ne.

12/ Mai sha'awar kodin ya koya, Allah ya ba da sa'a, sana'a ce. Amma waɗannan biyar ɗin na kowa ne. Yau da daddare ka karɓi wayar Umma ko ta Baba, ka zauna kusa da su, ka kunna musu mataki biyun nan, ka faɗa musu a hankali cewa lamba 6 ba a karanta wa kowa ita. Wanda ke da na shida ya ƙara a ƙasa.